Farin Murfi a Gwangwanin Lele

Masu cewa na cika zargi, na ga saƙonninku, na kuma gode. Wata har cewa ta yi da ita ce ta samu irin wannan mutumin da tuni an wuce wurin. To 'yar uwa, gyara zama ki ji yadda makon nan ya kaya da ni, in kin gama sai ki sake yi mini hukunci.

Wanda yau ya fara karanta ni, ga bayani a taƙaice. Shekarata ashirin da bakwai, malamar ƙananan yara ce ni, irin waɗanda ake kawo mana da takalmi a juye da biskit a kumatu. Mai nemana kantin magani gare shi, amma tun ranar da ya kawo wa Ummata wani man shafawa ciwon gwiwarta ya lafa, a gidanmu ya tashi daga mai kanti ya koma Likita, kuma babu wanda ya isa ya gyara mata. Ya taɓa aure sun rabu, yana da 'ya ɗaya mai shekara huɗu, kowa Lele yake ce mata. Shi da ita suna zaune a gidan mahaifiyarsa, wadda nake kira Hajiya, Lele kuma take kira Kaka. Zancen uwar yarinyar kuwa, abin da na samu daga bakinsa bai cika cokali ba. "Mun rabu shekara ɗaya da rabi ke nan, ba na son tone-tone."

Wata biyar ke nan yana sintiri a ƙofar gidanmu. Ranar Litinin da safe ina ɗaura agogo zan fita aiki Baba ya kira ni falo. Ya rage sautin rediyonsa, abin da ba ya yi sai magana ta kai magana.

"Ba zan yi miki dole ba," in ji shi. "Amma ba a ajiye mutum mai mutunci a ƙofar gida wata da watanni. Alhamis da yamma ina son jin e ko a'a. In e ce, ya turo manyansa. In a'a ce, ki sallame shi ya nemi wata."

Na ce to. Alhamis ɗin nan kuwa, da ƙarfe goma na safe, ita ce ranar da za a yi wa Lele intabiyun shiga makarantar ƙananan yara. Ban san ko Baba ya san da haka ba, amma ni abin ya tsaya mini a rai.

Ku bari in faɗa muku abin da ke damuna, don kada ku ce samun wuri ne. Da na je makaranta, lokacin da yara suka fita tara, na zauna na buɗe saƙonninmu da Likita a waya tun daga farko na bi ta ɗaya bayan ɗaya. "Malama, barka da safiya. Lele ta ɓalla maɓalli biyu da kanta yau." "Malama, wane irin almakashi kika ce in saya?" "Malama, ta ƙi cin abinci, me zan yi?" "Malama, Allah ya saka da alheri." Wata biyar, ban ga inda ya ce ya yi kewata ba. Ko hoton da na ɗora ranar da na sa sabuwar doguwar rigata ruwan zuma, wanda har tsohuwar shugabar makarantarmu sai da ta yaba, shi abin da ya rubuto shi ne, "Masha Allah. Gobe za ki samu zuwa wajen Lele?" Ni fa ina da suna, kuma ya san shi. Amma Malama nake tun ranar farko, Malama nake har yau. Shi ne nake tambayar kaina, mata yake nema ko malamar da ba ta tashi daga aiki?

Zuwa wajen Lele ya samo asali ne tun a wata na biyu. Ya roƙe ni in duba masa ita, wai ba ta magana da baƙi kuma ga makaranta na matsowa. Umma da kanta ta ce in je, ai gidan da babba, kuma taimako ne. Sau uku a mako nake biyawa in na tashi aiki.

Ranar da na fara zuwa na tarar Hajiya ta manna babbar takardar haruffa a bangon falo, tana zaune a kujera da rula a hannu, yarinya na tsaye tana rera ƙirga kamar rediyo. Har hamsin take kaiwa ba gargada. Hajiya ta dube ni tana jiran yabo. Na ce, "Lele, miƙo mini cokali uku daga kwandon can." Ta je ta kwaso duka ta zube mini a cinya. Ba ta iya ɓalla maɓalli ba, ba ta iya riƙe kofi da ruwa ta yi taku biyar ba, in fitsari ya matse ta ba ta faɗa sai dai a ga tana rawa a wuri ɗaya. Wanda ya fi duka, in mutum ya miƙe ya nufi ƙofa, sai ta bi shi ta damƙe gefen rigarsa. Ba ta kuka, ba ta cewa komai, riƙewa kawai take har yatsunta su yi fari.

Mu da muke karɓar yara a bakin aji mun san ba haruffa ne ke kayar da su a makon farko ba. Yaron da ya iya cewa "zan je bayi", ya iya buɗe gorar ruwansa, ya iya jiran layi ya zo kansa, ya kuma yarda uwarsa ta tafi za ta dawo, wannan ya gama shiri, haruffa za su same shi a hanya. Don haka na naɗe takardar bango na ajiye a kan firji, na ce a ba ni roba biyu da kofi da soso.

Muka yi ta juye ruwa daga wannan roba zuwa waccan a tsakar gida. Muka kwaɓa fulawa muna murza macizai da ƙwallaye don yatsunta su yi ƙarfi. Muka ware safa, kowace da 'yar uwarta. Muka zana layi da alli a ƙasa muna tafiya a kai da ƙafa ɗaya. Muka buɗe kanti da gwangwanayen madara, ita ce mai kanti ni ce mai saye, dole ta gaishe ni ta tambaye ni nawa nake so. Hajiya tana leƙowa ta taga tana taɓe baki.

"Malama, wannan karatu ne ko wanke-wanke?"

"Karatu ne, Hajiya."

"To ni a zamaninmu ba a biyan kuɗin makaranta don a koya wa yaro ɓarin ruwa. Wannan ai da shi aka haife su."

Na yi dariya na bar ta, don ba a ja da uwar mai nemanka a kan soso.

Maganar ƙofa ce ta fi ba ni wuya, sai na ƙirƙiro mana wasa. Na ce mata, "Zan fita in tsaya a bayan ƙofar nan. Ki ƙirga goma. Kina cewa goma za ki gan ni." Ranar farko ko biyu ba ta kai ba ta banko ƙofar. Mako na biyu ta kai shida. A hankali ta kai goma, na buɗe na ce, "Kin gani? Ana dawowa." Kullum haka nake rufe wasan, har ta haddace. Daga baya muka mayar da shi goma sau biyu, sannan in je bakin titi in sayo mata lemo in dawo in same ta tana jera safa. Ranar da ta fara ɗaga mini hannu ta ce sai na dawo, a mota na yi ta share hawaye kamar wata sakarya.

Ku riƙe wannan, domin nan ne igiyar take. Ni na koya wa yarinyar nan cewa wanda ya fita yana dawowa. Yanzu in na ce wa Baba a'a, wa ya yi mata ƙarya? Wani lokacin har nakan zargi Likita da cewa ya san haka tun farko, shi ya sa ya haɗa ni da ita kafin ya haɗa ni da kansa.

Ranar Talata na je da shirin gwaji na ƙarshe. Na sa riga da siket masu duhu saboda fulawa, na yafa ƙaramin mayafi. Hajiya ta shiga ɗaki tana waya da ƙanwarta, hirar da ba ta ƙarewa ƙasa da awa. Na ce wa Lele yau da murafen kwalba za mu yi ƙirga, in ta san inda za mu samu.

"Ina da nawa," ta ce.

Ta ja hannuna zuwa ɗakinta, ta kwanta rub da ciki ta janyo wani tsohon gwangwanin madara daga can ƙarƙashin gado. Ta zazzage shi a kan darduma. Murafe uku ne, ja da kore da fari, sai wani ƙyalle a naɗe.

"Ƙirga mini," na ce.

Ta ɗora yatsa a kan jan. "Anti mai rula." Ta matsa kan koren. "Anti mai waya."

"Su wane ne su?"

"Masu koya mini. Sun tafi."

Ashe ba ni ce ta farko ba, kuma babu wanda ya taɓa faɗa mini. Na daure na nuna farin. "Wannan fa?"

Ta ɗauke shi ta dunƙule a hannu, ta kawar da kai. Na san Lele, in ta yi haka ko za a kwana ana tambaya ba za ta tanka ba. Sai na sauya hanya.

"Ni ba ni da murfi?"

Ta sa hannu a aljihun rigarta ta fito da shuɗi, duk ya sha hannu har rubutun kansa ya goge.

"Me ya sa ni ba na cikin gwangwani?"

"Sai kin tafi." Ta mayar da shi aljihu. "Kaka ta ce in na ci intabiyu kin gama."

Na ɗauki ƙyallen na warware don in samu abin yi da hannuna. Nan na ga abin da ya fi murafen tayar mini da hankali. Ƙyalle biyu ne aka haɗa kamar gaban riga, da maɓallai biyar a jere, babba a sama, suna raguwa har zuwa ƙarami a ƙasa, kowane rami an bi bakinsa da zare mai launin maɓallinsa don yaro ya gane wanne ke shiga ina. Wannan ba aikin tela ba ne, ba kuma a sayar da shi a kasuwa. A kwalejin horar da malamai aka koya mana ɗinka shi, ni ma ina da irinsa a akwatina, har maki aka ba ni a kai. Wadda ta ɗinka wannan malamar ƙananan yara ce, kuma hannunta ya fi nawa kyau.

Da Hajiya ta gama waya na same ta a kicin tana zuba shayi a fulas. Na nuna mata ƙyallen kamar abin bai dame ni ba.

"Hajiya, wa ya ɗinka wannan? Ya yi kyau."

Fuskarta ta haɗe. "A ina kika samo shi?"

"A kayan wasan Lele."

"Tarkacen waccan ne. Na zaci na fitar da su duka." Ta miƙo hannu, na yi kamar ban gani ba na cusa shi a jaka. Ta ci gaba da zuba shayinta. "Malaman da na ɗauko mata a baya ma babu wadda ta yi wata biyu. Ke dai Allah ya yi miki albarka, ki ƙarasa mana. Da ta shiga makarantar nan ta bayan asibiti shi ke nan, kusa da gida, ko ni na iya kai ta."

Na ce amin, amma kaina ya ɗau zafi. Aƙalla na gane ja da kore malaman haya ne, ba 'yan matansa ba. Sai dai makarantar da Likita ya faɗa mini ba ta bayan asibiti ba ce. Wata ce can ƙetaren gada, tafiyar minti arba'in in babu cunkoso. Sai a lokacin na tuna ya taɓa ce mini, "Kada ki ɗaga wa Hajiya hankali da zancen nisa, ni zan yi mata bayani." Ashe bayanin bai yi ba. Tsakanin gidansu da gadar nan akwai makarantu huɗu, cikinsu har da tamu, inda zan iya shigar da Lele da baki kawai ba tare da wani intabiyu ba. Na taɓa yi masa tayin, ya ce a'a, ba ya son a ce alfarma aka yi mata.

Da na koma gida na tura wa Yayata saƙon murya na minti shida. Ta saurara ta dawo mini da na minti ɗaya.

"Ke matsalarki kin cika bin diddigi. Mutum ya zaɓar wa 'yarsa makaranta mai kyau ya zama laifi? Uwarsa ce bai faɗa wa ba, ke ai ya faɗa miki. Wallahi ki kiyayi ranar da za ki yi ta tone-tone har ki tono abin da zai hana ki barci. Ki amsa kawai, so yana zuwa daga baya."

Umma ma da na ɗan taɓa mata zancen tana ninke kaya, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Namijin da ya damu da 'yarsa haka shi ake nema da fitila. Gobe naki zai yi wa."

"Umma, bai taɓa cewa yana sona ba fa."

"Babanki shekara talatin da biyu bai faɗa ba, ga ki nan kin girma." Ta miƙo mini zanen gado. "Kama can mu ninke. Kin ga ƙawayenki duk sun tafi gidan miji, ke kina nan kina goye 'ya'yan mutane."

Ranar Laraba da yamma Likita ya zo. Na sa doguwar riga baƙa mai ɗinkin zare ruwan gwal a hannu, na ɗan shafa turare, don ko faɗa za a yi gara a yi shi da kyan gani. Na kai masa ruwa da lemo falon baƙi. Yana zaune a bakin kujera yana juya makullin mota a yatsa.

"Malama, ya jikin Umma?"

"Da sauƙi. Ina da tambaya."

"Bismillah."

"Me ya sa sai makarantar ƙetaren gada?"

Makullin ya tsaya. "Tsarinsu na wasa ne, irin naki. Ba sa dukan yara."

"Mu ma ba ma duka. Me ya sa Hajiya take zaton ta bayan asibiti ce?"

Ya ɗauki kofin ruwa ya kurɓa, ya ajiye, ya gyara masa zama a kan faranti kamar za a ba shi maki.

"Zan faɗa mata in an ɗauke ta."

Na ciro ƙyallen daga jaka na shimfiɗa a kan tebur. Wallahi na ga lokacin da numfashinsa ya tsaya. Ya kai hannu ya shafa ƙaramin maɓallin na ƙasa da babban yatsa, a hankali, irin shafar da ba a yi wa tarkace.

"Maman Lele malama ce?" na tambaya.

"E."

"Shi ya sa ka neme ni?"

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne? In Lele ta ci intabiyu gobe, me ya rage tsakanina da kai? Ka faɗa mini abu ɗaya da ka sani game da ni wanda bai shafi yarinyar nan ba."

Ya ajiye makullin a kan tebur. Can ya ce, "Ba kya shan lemo mai sanyi. Kullum sai kin ajiye ya huce. Kuma in kina jin haushi kina juya agogonki ya koma cikin hannu, kamar yanzu."

Na kalli hannuna, na ji kunya ta kama ni, na kuma ji haushin daɗin da na ji. Kada ku yi mini dariya, zuciya ba ta da wayo.

"Ki bari gobe ta wuce," in ji shi. "Na yi miki alkawari zan faɗa miki komai."

"Komai na me?"

"Gobe, don Allah. Ki zo mu raka ta tare. Ba za ta shiga ba in ba kya nan."

Ya tafi ya bar lemonsa ko buɗewa bai yi ba. Ƙyallen kuma da na duba tebur babu shi.

Alhamis na nemi izini a wurin aiki. Ƙarfe tara saura Likita ya iso. Abin da na fara lura da shi sabon ɗinki ne a jikinsa, ruwan toka, karin guga har yana ƙyalli, ya yi aski, ga wani turare da ban taɓa ji a jikinsa ba. Wata biyar yana zuwa wurina da rigar da ya wuni da ita a kanti. Na ce a raina, yau kuma shugabar makaranta ake yi wa wannan kwalliya?

Lele na baya cikin riga ruwan hoda mai maɓalli huɗu a gaba. "Anti, ni na ɓalla," ta ce. Ɗaya ya shiga ramin da ba nasa ba, na bar shi haka, don nata ne. Duk hanya muna wasan abin da muka gani ta taga, mota ja nawa, keke nawa. Shi kuwa sau biyu ana yi masa hon a danja.

Makarantar ƙarama ce, mai tsabta. Akwai ramin yashi a tsakar gida, da tayoyi da aka yi wa fenti, da ƙananan famfuna daidai tsayin yara. Ban so ba amma sai da ta burge ni. Aka zaunar da mu a benci a baranda tare da wasu iyaye, gaban wata ƙofa mai launin ganye. Wani yaro yana ta birgima a ƙasa ya ƙi shiga, uwarsa na yi masa alkawarin duniya da abin da ke cikinta. Lele ta jingina da ni, hannunta ɗaya a aljihu. Na ji ƙarar murafe biyu suna haɗuwa a ciki, ban kawo komai a raina ba.

Wayata ta yi motsi. Umma ce. "Babanki ya ce ƙarfe biyar. Kada ki ba mu kunya."

Ina mayar da wayar jaka ƙofar ta buɗe. Wata mata ta fito, doguwa, ba za ta wuce sa'ata da shekara uku ba, da farin mayafi da rigar aiki mai manyan aljihu irin tawa. Akwai takardar sunaye a hannunta amma ba ta duba ba. Idonta a kumbure yake, irin na wanda ya gama kukansa tun kafin ya fito. Ta kalli Likita ta ɗan sunkuyar da kai, shi ma ya miƙe tsaye yana gyara wuyan riga. Sannan ta durƙusa daidai tsayin yaro, yadda aka koya mana, ta yi murmushi. Wushiryar Lele ce sak, har da ɗan lotsawar kumatun hagu.

Babu wanda ya yi mini bayani, ban kuma buƙata ba.

Lele ta sandare a jikina. Na ji yatsunta sun kama gefen rigata, riƙon nan na da. Ta daɗe tana kallon matar. Sannan ta saki rigata da kanta, ta ciro farin murfin daga aljihu ta dube shi, ta ɗago ta dube ni.

"Anti, gaskiyarki," ta ce. "Ana dawowa."

Matar ta toshe bakinta da takardar. Da ta sauke ta, ni ta kalla. "Ke ce malamar tata? Ya ba ni labarinki. Na gode, Allah ya biya ki."

Malamar tata. Ashe suna magana, kuma da wannan sunan ya kai ni wurinta. Na ji bakina yana cewa babu komai, don tarbiyya ba ta barin mutum ko a irin wannan wuri.

Lele ta yi taku uku zuwa ƙofar, ba kuka, ba waiwaye, yadda na yi wata uku ina koya mata. Sai ta tsaya, ta dawo da gudu, ta buɗe tafin hannuna ta sa mini shuɗin murfin ta rufe yatsuna a kai.

"Ki tsaya a nan. Ki ƙirga goma."

Ta kama hannun uwarta suka shiga, ƙofar ta rufe.

Likita ya matso kusa da ni, turaren nan ya cika mini hanci. "Hajiya ce ta hana ta ganinta tun da muka rabu," ya ce ƙasa-ƙasa. "Wannan ce kaɗai hanyar da na samu. Malama, ki saurare ni, ba abin da kike zato..."

"Kada ka katse ni," na ce. "Ƙirga nake."

Ban sani ba ko uba ne da ya nema wa 'yarsa uwarta, ko miji ne da ya nemi hanyar komawa ya taka ni ya haye. Ƙarfe biyar Baba na jirana da kalma ɗaya, kuma sabon ɗinkin nan ba don ni aka yi shi ba. Na tsaya a inda ta ce in tsaya, murfin yana cizon tafin hannuna, ina ƙirgawa a hankali yadda nake ja mata lokaci in na je bakin titi. Da na kai tara sai na yi shiru, don ban san abin da zan yi ba in na ce goma ƙofar ba ta buɗe ba.